Darasi na Bakwai: Kula da Batir a Lokacin Ajiya

Manufar darasi

Bayan wannan darasi, ɗalibi zai iya bayyana dalilin da ya sa batir ke mutuwa alhali ba a aiki da shi. Zai iya auna shi ya san yawan cajin da ke cikinsa, ya kuma shirya shi don ajiyar wata ɗaya zuwa wata shida a yanayi irin na Maraɗi.

Daga ƙasashen ƙanƙara zuwa bakin Gulbi

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Finlan da Suwidin, masu ƙananan jiragen ruwa suna da wata al'ada da ba sa ƙetarewa. Da watan Oktoba ya kama, sai a fid da jirgi daga ruwa, a ɗora shi kan tudu, a lulluɓe shi da tamfol, domin tafkuna za su daskare har zuwa Afrilu ko Mayu. Manyan jiragen dakon kaya ma hutun dole suke yi. Hanyar ruwan Sen Loran, wadda ta haɗa manyan tafkunan Amurka da Kanada da tekun Atilantika, rufe ta ake yi daga ƙarshen Disamba ko farkon Janairu har zuwa ƙarshen Maris. Kafin mai ƙaramin jirgi ya juya baya, sai ya cika batirinsa da caji, ya cire masa wayoyi, ya goge shi tas, ya sa ranar da zai dawo ya duba shi.

Maraɗi ba garin jiragen inji ba ne. Gulbin Maraɗi ruwan damina ne: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Madarumfa da Jiratawa, ya wuce ta gefen birni, ya ratsa Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Da kaka ta wuce, sai yashi. Masuntan tafkin Madarumfa da hannu suke tuƙa kwalekwale, jiragen inji kuwa sai an je kogin Isa, wajen Yamai da Gaya da Ayoru.

Duk da haka, ajiyar batir ta wata da watanni ba baƙon abu ba ne a nan. Manomin tudu yakan fesa wa wake magani a Agusta da Satumba da famfon goyo mai caji, daga nan ya rataye famfon sai wata damina. Tarakta takan yi huɗa farkon damina, ta koma ƙarƙashin bishiya. Saurayin Tibiri yakan jingine babur a zaure bayan an gama girbi, ya tafi cirani Kano ko Legas ko Agadas. Alhaji yakan kulle mota a garaji ya tafi aikin Hajji. Akwai kuma gidajen unguwar Zariya da suka sayi allunan sola da manyan batura a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Da wuta ta dawo a watan Maris na 2024, wasu suka tura baturan kusurwar ɗaki suka manta da su.

A fadamar Jiratawa, mai kimanin hekta 500, inda manoma ke noman ban ruwa tare da hukumar ONAHA tun farkon shekarun 1980, ana iya ganin bambancin a fili. Mai zogale ko tumatir da ke feshi kusan duk shekara, yana caza famfonsa a kai a kai, batirinsa yakan jima yana aiki. Maƙwabcinsa na tudu da ya sayi irin famfon, ya yi aikin wata biyu da shi ya rataye, shi ne ke zuwa kasuwa neman sabon batir da damina ta zagayo. Wanda bai sha wahalar aiki ba shi ya riga mutuwa, kuma dalilin yana cikin akwatin batir ɗin.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin dalma da asid tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau shi ne a cikin yawancin motoci da babura da gidajen sola. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne jere cikin akwati ɗaya, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1 in ya cika. A kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu, masu ruwan ƙasa da masu ruwan toka, tsome cikin ruwan asid.

In batir yana ba da wuta, asid ɗin yakan fita daga ruwa ya haɗu da dalma, su zama wani farin gishiri da ake kira salfet, ya manne a jikin faranti. Ruwan da ya rage sai ya tsinke, ƙarfinsa ya ragu. In aka sa caji, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, faranti su koma yadda suke. Haka abin ke tafiya yana dawowa sau ɗaruruwa.

Sharaɗin dai shi ne a dawo da cajin da wuri. Sabon salfet taushi gare shi, caji na narkar da shi cikin sauƙi. In ya yi makonni a jikin faranti, sai ya daskare ya zama ƙanƙararren abu da caja ba ta iya taɓawa, kuma duk inda ya rufe a jikin faranti ya tashi daga aiki. Wannan ne abin da masu garaji ke nufi in suka ce wa mai mota, «Alhaji, batirin nan ba ya riƙe wuta.» Yakan nuna ya cika cikin ɗan lokaci, ya kuma sauka da an murɗa makulli sau ɗaya.

Zafi ke kisa a nan

Batir a ajiye kamar sabon tulu ne cike da ruwa: ko ba wanda ya sa moɗa, yana tsattsafowa ta jikinsa, kuma in zafi ya ƙaru tsattsafin ya ƙaru. A yanayi mai digiri 25, batirin dalma yakan yi asarar kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na cajinsa kowane wata ba tare da an jona masa komai ba. Tsohon batir mai ruwa yakan zarce haka. Masana sun daɗe da lura cewa duk ƙarin digiri 10 yakan ninka wannan asara.

Ga lissafin a sauƙaƙe. In batir na zubar da kashi 4 a wata a digiri 25, zai zubar da kimanin 8 a digiri 35, da kimanin 16 a digiri 45. A Maraɗi zafin rana a Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 har ya wuce, cikin rufaffen ɗakin kwano kuwa abin ya fi haka. Batirin da aka ajiye a irin wannan ɗaki farkon Maris, kafin ruwan farko ya sauka a Yuni ya rasa babban kaso na cajinsa, salfet kuma ya samu lokacin daskarewa. Zafi na ƙafar da ruwan batir, yana kuma cin ragar dalmar da ke riƙe da faranti. Shi ya sa masu ƙera batura ke cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yakan raba tsawon rayuwar batir biyu.

Mutanen ƙasashen sanyi wata fargaba ce ke damun su. Batir cikakke ba ya daskarewa sai sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifili, amma wanda ya sauka, da yake ruwansa ya tsinke, yakan zama ƙanƙara tun a wajen digiri 7 ƙasa da sifili, ya kumbura ya fasa akwatinsa. Ban da wannan, sanyi alheri ne ga batirin da ke ajiye, domin yana rage masa asarar caji. Mai jirgin Kanada na iya barin cikakken batir wata biyu ko uku bai leƙa shi ba. Mai babur a Tibiri ba shi da wannan sarari.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Da safiyar hunturu ne, a Disamba da Janairu, aka fi ganin mutane na tura mota, don haka ake ɗora wa sanyi laifi. Sanyin Maraɗi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ba ya daskarar da batir. Abin da yake yi shi ne, yakan sa man inji ya yi kauri, ya kuma rage wa batir kuzari. Batir mai lafiya yakan jure. Wanda bazara ta riga ta ci ƙarfinsa, a nan asirinsa ke tonuwa.

Wutar da ke fita ta waya da ta ƙura

Kashe makulli ba ya raba batir da aiki. Agogon mota, da ƙwaƙwalwar rediyo, da ƙararrawar ɓarayi, duk suna shan wuta dare da rana. A mota mai lafiya abin yakan kai miliyamfa 20 zuwa 50. In aka ɗauki 30, a kwana ɗaya an sha kashi bakwai cikin goma na amfa-awa ɗaya, a wata kuma kimanin amfa-awa 22. Ga batir mai amfa-awa 60, an cinye fiye da sulusinsa ke nan, kafin a ƙara asarar zafi. Shi ya sa motar da aka bari kwana 40 takan ƙi tashi.

A gidan sola abin ya fi sauri. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, in aka bar ta a kunne, ko da ba fitila ko fanka a kanta, takan sha rabin amfa zuwa amfa ɗaya, wata ma fiye. Amfa ɗaya na awa 24 amfa-awa 24 ne. Batir mai amfa-awa 100 da ba a jone yake da allon sola ba, cikin kwana biyu ya kusa rabi.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabo. Takan kwanta a saman batir, ta jiƙa da gumin asid da ke fitowa daga murafu, ta zama wani baƙin danƙo tsakanin kan + da kan −. Wannan danƙo hanyar wuta ce. Ana iya gani da ido: a ɗora baƙin tsinken mitar awo a kan −, a riƙa matsar da jan tsinken a hankali bisa murfin mai datti ba tare da ya taɓa kan + ba. A batir mai tsabta mita za ta tsaya a sifili ko kusa da shi. A mai datti kuwa sai a ga lambobi na hawa, suna ƙaruwa yayin da tsinken ke matsawa wajen ɗaya kan.

Awo ya fi zato

Ƙaramar mitar awo, wato multimita, ita ce babbar abokiyar mai batir, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba. Ana juya ta zuwa awon bolt na batir, a lamba 20, a ɗora jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. Sai dai awon ba ya faɗin gaskiya sai batir ya huta, wato an cire shi daga caja da duk wani aiki na awanni, in da hali ya kwana. Wanda aka cire daga caja yanzu yakan nuna bolt 13 ko fiye, ko da bai cika ba.

Ga abin da lambobin ke nufi ga batirin dalma mai bolt 12:

- 12.6 zuwa 12.7: ya cika.
- 12.4: saura kimanin kashi uku cikin huɗu.
- 12.2: saura rabi.
- 12.0: saura kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.
- ƙasa da 11.9: ya sauka.

Tazarar cikakke da saukakke ba ta kai bolt ɗaya ba. Mutane da yawa in suka ga 12.0 sai su ce batir lafiya lau, tun da bolt 12 aka rubuta a jikinsa, alhali yana bakin rami. Ga batirin da ke ajiye, 12.4 ce iyaka. Da ya sauka nan sai caja. In kuwa an caza shi ya kwana ya nuna wajen 10.5, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu.

Shirin ajiya, mataki bayan mataki

Da farko sai a cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa da ya haɗa sifana da kan batir yakan yi jajir cikin ƙiftawar ido, ya ƙona yatsa har ƙashi. A sa tabarau da safar hannu ta roba in akwai, a ajiye bokitin ruwa kusa.

Wayar − ake fara cirewa, sannan ta +. Dalili shi ne jikin mota ko babur gaba ɗaya a haɗe yake da −. In aka fara da +, sifana ta goga jikin ƙarfe, tartsatsi ya tashi. In an riga an cire −, wannan haɗari ya kau.

Sai wanki. A dama cokali ɗaya na bikarbonat cikin kofin ruwa. In babu, ruwan kanwa da aka tace yana yi, domin shi ma yana kashe kaifin asid. Da murafu a rufe gam, a goge saman batir da kawunansa da tsohon burushin haƙori. Farar hoda ko shuɗiyar da ta taru a kawuna za ta yi kumfa ta saki. A ɗauraye da ruwa kaɗan, a share da tsumma har ya bushe. Ko ɗigo ɗaya na wannan ruwan wanki kada ya shiga cikin ɗakuna, don zai raunana asid ɗin da ke ciki.

In batir mai murafu ne, a buɗe su a haska da tocila. Ba a kusanto da ashana ko taba. Lafiyayyen ɗaki ruwansa garau yake, ya rufe kan faranti da kimanin santimita ɗaya. In ana hango bakin faranti a waje, bushe, da fari-fari a jikinsu, to ruwa ya ƙafe, kuma wurin da iska ta taɓa ya soma lalacewa. A zuba ruwa daidai yadda zai rufe faranti kawai, a caza, sannan a cika zuwa layin sama, saboda ruwa na tasowa in ana caji. Wanda ya cika tun farko zai tarar asid ya malalo.

Ruwan da ake zubawa shi ne ruwan tururi da aka tace, wanda ake sayarwa a kwalba domin batir. Ruwan rijiya da na famfo da na leda duk suna ɗauke da gishiri da ƙarfe da ke gurɓata faranti, ko da sun yi daɗin sha. Ba a kuma ƙara asid. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid na nan ciki, ƙara shi kuwa cin faranti yake yi.

Caji a hankali ya fi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batir: amfa 10 ga mai amfa-awa 100, ƙasa da amfa ɗaya ga ƙaramin batirin babur ko na famfon feshi mai amfa-awa 7 ko 8. Babbar cajar garaji da ke cika batirin tirela takan dafa ƙaramin batir cikin awa guda. In jikin batir ya yi zafin da hannu ba ya jimawa a kai, a dakata ya huce. Kusa da cika, batir yakan fitar da iskar haidirojin, wadda ke kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, don haka a fili ko ɗaki mai taga ake caji, kuma caja ake fara kashewa kafin a cire mata baki.

Da ya cika ya kwana, a auna, a shafa ɗan basilin ko giris a kawuna, a manna takarda a jikinsa da kwanan wata da abin da mita ta nuna.

Inda za a ajiye shi

Wurin da ya fi kowane sanyi a gida, mai inuwa da iska, shi ake nema. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. Ba a ajiye batir a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko kusa da jarkar fetur, ko inda yara da awaki ke kaiwa. A tsaye ake ajiye shi, ba a kife shi, ba a kuma ɗora masa ƙarafa.

Ana yawan cewa daɓen siminti na shan wutar batir. Maganar ta samo asali ne daga baturan da, masu akwatin katako ko baƙar roba mai tsattsafi. Akwatin filastik na yau ba ya bari wuta ta bi ta ƙasa. Amma ɗora batir a kan katako ko bulo na da amfani ta wata fuska, domin ruwan Agusta yakan shiga ɗakuna, musamman a gidajen da ke gangaren Gulbi.

Ziyarar wata-wata

A Maraɗi, wata guda shi ne tazarar da ta dace tsakanin dubawa da dubawa, a bazara kuma mako uku ya fi. Mai tafiya cirani zai damƙa wannan aiki a hannun ƙane ko maƙwabci, ya nuna masa mita da lambar 12.4. Aikin bai wuce minti biyar ba: a share ƙura, a auna, a rubuta, in ya sauka a kai caji.

Wasu kan ce wa yaran gida su riƙa tayar da mota ko babur kowace Juma'a na minti biyar. Wannan bai wadatar ba. Tayar da inji na cin wuta mai yawa, kuma inji da ke aiki a tsaye na ɗan lokaci ba ya mayar da abin da aka ci. Ko dai a yi tafiya sosai ta rabin awa ko fiye, ko a cire waya a dogara da caja.

Mai gidan sola da zai yi tafiya yana da zaɓi mai sauƙi: ya bar allo da regileta, wato na'urar daidaita caji, a jone da batir, ya kashe inbata, ya cire duk abin da ke shan wuta. Regileta za ta riƙe batir a cike. Sai dai a samu mai share ƙurar allo, mai duba ruwa in batir mai murafu ne. Jona allo kai tsaye da batir ba regileta kuwa, a ranar Maraɗi, tafasa ruwan yake yi har ya ƙafe. In za a kwance kayan gaba ɗaya, wayar allo ake fara cirewa daga regileta, sannan ta batir; wajen mayarwa batir ake fara jonawa. In batura biyu ne ko huɗu a haɗe, a raba su a auna kowane shi kaɗai, don rarrauna ɗaya yakan ja sauran ƙasa.

Rufaffen batir da na litiyam

Batirin jel da sauran rufaffun batura, irin na famfon feshi da yawancin babura na yanzu, su ma dalma ce da asid. A cike ake ajiye su. Asarar cajinsu ba ta kai ta mai ruwa ba, amma ba a buɗe su, ba a zuba musu komai, kuma caji mai tsanani na busar da su har abada. In aka ga gefensu ya kumbura, sun gama aiki.

Batirin litiyam, da ke ƙara yawa a gidajen sola, tasa ƙa'idar daban ce. Ba ya yin salfet, kuma zama a cike maƙil cikin zafi tsufar da shi yake yi. Ana ajiye shi da kimanin rabin caji, a kashe makunninsa, a duba shi bayan wata uku. Jadawalin bolt da ke sama bai shafe shi ba. Allon jikinsa ko takardar masu ƙera shi ake bi. Abin da ya haɗa shi da na dalma shi ne, dukansu ba sa son zafi, ba sa kuma son a bar su su sauka ƙasa warwas.

Shagon mai sayarwa ma wurin ajiya ne. Batirin da ya yi wata takwas a kan kanta cikin zafi ya tsufa tun ba a ɗora shi a mota ba. Mai saye na da haƙƙin duba ranar ƙira, ya kuma ce a auna masa a gabansa.

Ranar komawa aiki

Kwana biyu kafin a buƙaci batir, a caza shi ya cika, a bar shi ya kwana, a auna. A goge kawuna su yi ƙyalli. Wajen ɗaurawa, + ake fara sawa, − daga ƙarshe, a ɗaure tamau, a kuma kafe batir a mazauninsa don kada gargadar hanya ta girgiza faranti. In ya nuna 12.6 amma ya kasa juya inji, sai a kai wa mai gyaran wutar mota ya gwada shi da nauyin aiki.

In asid ya taɓa mutum, in batir ya mutu

Asid da ya zuba a fata ko ya fantsama a ido, ruwa mai yawa ake kwarara masa nan take na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti. Ba a shafa mai ko toka a ido.

Mataccen batir ma yana da haɗari, saboda dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar, a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008, a wurin da mutane suka daɗe suna fasa tsofaffin batura suna tace ƙasar wurin don tsintar dalma. A jihar Zamfara, maƙwabciyar jihar Maraɗi, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a 2010. Ƙurar dalma ba ta ruɓewa. Takan zauna a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Don haka ba a fasa batir a gida, ba a narka dalmarsa a tukunya, ba a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, ba a kuma mayar da akwatinsa mazubin ruwan kaji. A mayar da shi ɗungurungum, da murafunsa a rufe, ga mai shagon da ke karɓar tsoho a rage kuɗin sabo.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa da farantan batir in aka bar shi a sauke na makonni?
2. Me ya sa mai jirgin ruwa a Kanada zai iya barin batirinsa wata uku, mai babur a Tibiri kuwa ba zai iya ba?
3. An auna batir bayan ya kwana, ya nuna 12.2. Nawa ya rage na cajinsa, kuma me ya kamata a yi?
4. Inbata na shan rabin amfa in ba komai a kanta. Amfa-awa nawa za ta sha cikin kwana huɗu?
5. Wace waya ake fara cirewa, wace kuma ake fara mayarwa? A kawo dalili.
6. Ta wace hanya ajiyar batirin litiyam ta bambanta da ta batirin dalma?

Aikin yi

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya samo batir biyu masu ƙarfi ɗaya da mita guda. A caza su su cika, a bar su su kwana, a rubuta awon farko. A ajiye ɗaya a ɗakin ƙasa mai inuwa, ɗaya a shagon kwano. A riƙa auna su kowane mako a rana ɗaya da lokaci ɗaya, har mako shida, ana rubutawa a jadawali mai layi uku: kwanan wata, awon batir na farko, awon na biyu. Duk wanda ya sauka zuwa 12.4 a cire shi daga gwajin a caza shi, a rubuta makon da hakan ya faru. Kowane rukuni zai karanta jadawalinsa a gaban aji a mako na bakwai.